A Daina Rubuta Mana Turanci Mai Harshen Damo

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya, wanda na tabbata ba ni kaɗai yake damu ba, har da ɗimbin 'yan'uwana manoma da ƙananan 'yan kasuwa na ƙasar Batsari da Safana. Abin kuwa shi ne irin Turancin da ake rubuto mamu a takardun hukuma da na kamfanoni da na bankuna, Turanci mai harshen damo, wanda ko sau goma aka karanta maka ba za ka san nawa ne ba, ba za ka san yaushe ne ba, ba kuma za ka san wa zai yi ba.

Tun farko bari in faɗa maka ni ba ɗan boko ba ne. Firamare kawai na gama, daga nan tsohona ya miƙa mani fartanya. Da damina ina noman gero da dawa da ɗan rogo, da rani kuma in ɗauki 'yar tiredata ina bin kasuwanni da gishiri da sabulu da ashana, in na samu sarari in sayi hatsi tiya-tiya in haɗa buhu. To amma ɗan Turancin da na tsinta a firamare, da wuyar da na sha, sun ishe ni in bambance takardar da aka rubuta don a fahimce ta da wadda aka rubuta don a rufe mai ita.

Ga abin da ya same ni. Wata damina can baya wasu mutane suka zo garinmu da mota da takardu, aka tara mu ƙofar gidan mai unguwa. Ba zan kama sunan kamfaninsu ba, don ba tonon silili ya kawo ni ba. Wanda ya yi mamu bayani da Hausa ya ce tallafi ne aka kawo ma manoma, taki buhu biyu da iri da maganin ciyawa. A saman takardar kuma an rubuta "input support" da manyan baƙaƙe. Ni dai na san "support" tallafi ne, sai hankalina ya kwanta na dangwala hannu, kowa ma ya dangwala. Da kaka ta yi sai ga motar ta dawo, wannan karon da sikeli da buhuna wayam. Aka ce mu biya. Muka ce mu biya mi? Sai aka buɗo shafi na uku, inda aka yi wani rubutu ƙanana kamar sawun kiyashi. Yarona da ke sakandare ya karanta mani: za a karɓi kuɗin kayan da hatsi bisa "prevailing market price", wato farashin kasuwa na lokacin, tare da "other charges", wato wasu caje-caje.

To jama'a, wace kasuwa? Ta Batsari ko ta Dawanau can Kano? Farashin wace rana? Na makon girbi da hatsi ke faɗuwa warwas, ko na bazara da yake tsada? Caje-cajen nan guda nawa ne, kuma kowane naira nawa? Takarda ba ta faɗa ba. Su suka zaɓi kasuwar, su suka zaɓi ranar, su suka yanka cajin. Sai da na sayar da akuyar uwargidana da 'ya'yanta biyu sannan na cika. Har yau in zancen ya taso sai ta harare ni, kuma tana da gaskiya. Ni ban ce kar a bi ni bashi ba, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi mashi aski. Amma da an rubuta "loan" ɓaro-ɓaro a saman takardar, aka ce bashi ne na naira kaza, za ka biya buhu kaza mai kilo kaza ranar kaza ga watan kaza, da na zauna na yi lissafina, in zan iya in karɓa, in ba zan iya ba in haƙura da takin dabbobina.

Irin wannan ruɗanin ya taɓa cin ƙasa baki ɗaya. A watan Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin noma na Babban Bankin Nijeriya a Jihar Kebbi, mai suna Anchor Borrowers. Kalmar "borrowers" da ke cikin sunan ma'anarta masu cin bashi, kuma a lokacin bashin yana da ruwa na kashi 9 cikin ɗari. Amma kafin labarin ya iso ƙauye ya rikiɗe ya zama "tallafin noma". Da lokacin biya ya yi, manoma da yawa suka ce su a saninsu rabonsu ne na arzikin ƙasa, kuɗi masu yawa suka maƙale, har a 2023 sabbin shugabannin bankin suka dakatar da ba da sababbin rance irin wannan. Akwai waɗanda suka ƙi biya da gangan, wannan gaskiya ne. Amma akwai kuma waɗanda kalma ɗaya ta yaudara. A Turanci "loan" daban, "grant" daban: na farko bashi, na biyu kyauta. Sai aka samo wasu kalmomi masu santsi irin su "support" da "intervention" da "empowerment" waɗanda ba su ce bashi ba, ba su ce kyauta ba, mu kuma masu fassara suka dunƙule mamu su duka a cikin "tallafi".

Yanzu ga abin da na lura da shi, Malam Edita, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Masu rubuta Turancin nan sun iya fayyace magana sarai in sun ga dama. Duk lokacin da abu ne za a karɓa daga hannunmu ko za a hana mu, to za ka ga Turancin tsaf, da rana da wata da adadi. Amma in abu ne za a ba mu ko za a yi mamu, sai Turancin ya koma hazo.

Bari in kawo shaida. A ƙarshen watan Agusta 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu kan dokar matakan tsaro. Dokar ta ambaci hanyoyin da aka rufe da sunansu, ta Jibiya zuwa Gurbin Baure da ta Ƙanƙara zuwa Sheme. Ta jera kasuwannin da aka hana cinikin dabbobi ɗaya bayan ɗaya, har da ta Batsari da ta Safana. Ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji. Babu wanda ya ce bai gane ba, ko tsohuwa mai sayar da daddawa ta san abin da aka hana. A watan Satumba na shekarar aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomin da matsalar ta shafa, har da namu biyu. Ban zo jayayya kan dalilin ba, kowa ya san halin da dajin Rugu ya jefa mu. Abin da nake nunawa shi ne ranar rufewa kowa ya san ta, amma ranar buɗewa sai abin da hali ya yi. Haka muka yi watanni, mai ɗa a Legas bai san ko yana raye ba, mai jiran kuɗi ta waya sai ya yi tafiya mai nisa neman inda sabis yake.

Haka nan canjin kuɗi. A watan Oktoba 2022 aka ce za a sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka yanka rana ƙeƙe-da-ƙeƙe: 31 ga Janairu 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Ranar daina karɓar tsohon kuɗi an faɗe ta, amma ranar da sabon zai wadata a hannun ɗan ƙauyen da babu banki kusa da shi, wannan sai "very soon", wato nan ba da jimawa ba. Mun ga yadda kasuwa ta tsaya cik, mai akuya na neman kuɗi, mai kuɗi a asusu na neman tsaba, sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris 2023.

Ranar 29 ga Mayu 2023 kuwa, da 'yan kalmomi ƙalilan Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Magana ce a fili, kuma cikin kwana biyu zuwa uku litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farashin hukuma ta haura 500. Da aka zo kan abin da za a rage mamu raɗaɗi da shi sai aka kawo kalmar "palliative". A watan Agusta 2023 aka ce naira biliyan 5 ga kowace jiha, a ciki ma kashi 52 cikin ɗari ne kyauta, kashi 48 bashi ne da jihohi za su biya. Amma magidanci a Wagini ko Runka bai ji tiya nawa ce tashi ba, balle ranar da za ta iso.

Kai hatta a tsarin mulki akwai irin wannan. Sashe na 55 na tsarin mulkin 1999 ya ce za a gudanar da aikin Majalisar Tarayya da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi isasshen tanadi. Wannan magana tun tsarin mulkin 1979 take nan. Tunda ba a ce wa zai yi tanadin ba, ba a kuma ce zuwa yaushe ba, ga shi an haura shekara arba'in ana jira. Yaron da aka haifa a lokacin yau ya kusa aurar da ɗiya.

Ko a labarin rasa rayuka haka abin yake. A watan Fabrairu 2020 da aka kai hari Tsauwa da Dankar a ƙaramar hukumar Batsari, an ambaci garuruwan da sunansu, an ce mutum 30 aka kashe, shi ya sa duniya ta ji, manya suka zo jaje. Amma sau nawa ake cewa "some villagers" ko "several people", wasu ƙauyawa, mutane da dama, a wani yanki na jihar? Wanda ba a ƙirga ba, ba a ambaci garinsu ba, kamar bai taɓa rayuwa ba ne, marayunshi ma ba mai tunawa da su.

Don amfanin 'yan'uwana masu dangwala hannu, ga wasu kalmomi da ya kamata in an karanto maku su ku tsaya ku yi tambaya. In kun ji "up to", kamar a ce za a ba ka "up to" naira dubu hamsin, to ma'anarta ba za ta wuce dubu hamsin ba, amma ko dubu biyu aka ba ka ba a saɓa takarda ba. In kun ji "may", ana iya yi ana iya fasawa, "shall" ko "must" su ne dole. Ku duba da kyau, sau da yawa wajen aikinka "shall" ake sawa, wajen nasu aikin kuma "may". In kun ji "in due course" ko "as soon as possible", babu rana ke nan. "Subject to availability" na nufin in akwai, in babu shi ke nan. "Until further notice" kuwa sai baba ta gani. "Terms and conditions apply" na nufin akwai wasu sharuɗɗa a wani wuri da ba a nuna maka ba, to ka ce a kawo su a karanta maka kafin ka sa hannu. Matambayi ba ya ɓata.

Sai dai kuma tsakani da Allah, laifin ba na hukuma da kamfanoni ba ne su kaɗai, mu ma muna da namu. Wani ɗan'uwana a ƙasar Safana ya jinginar da gonarshi, aka kira wani yaro da ya gama sakandare ya rubuta yarjejeniya. Yaron don a ce ya iya sai ya zuba dogon Turanci, ya ce an ba da gonar "for some years", iyakarta kuma "near the big tree". Bayan shekara uku mai gona ya kawo kuɗi, wanda ke riƙe da ita ya ce shi a wurinshi "some years" ba su cika ba. Itacen kuwa akwai tsamiya akwai kuka, kowa ya nuna wadda ta yi mashi daɗi. Mutanen da ke cin tuwo kwano ɗaya sai da aka kai su gaban dagaci, har yau ba su gaisawa sosai. Da yaron ya rubuta damina uku, daga watan kaza na shekara kaza zuwa watan kaza, gabas ta yi iyaka da gonar wane, yamma da burtali, da duk wannan bai faru ba.

A kasuwa ma haka muke. Sai ka ji an rubuta "one bag" a rasit. Wane buhu? Na taki kilo 50 ne, na hatsi kuwa wajen tiya 40 ne, kusan kilo 100, kuma wani buhun an ɗinke bakinshi da cika, wani an rage. Mu da bakinmu muna cewa "zan biya ka kwana biyu", ko "sai kaka", ko "in na samu". Waɗannan su ne "very soon" ɗin Bahaushe, kuma su ke raba zumunci.

Abin mamaki, addininmu ya riga kowa gyara wannan. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka: a sa mashi lokaci sananne, mai rubutu ya rubuta da adalci, wanda ake bi shi zai yi shifta, a kuma kafa shaidu. Malamanmu na fiƙihu sun karantar da mu cewa in za ka ba da kuɗi yanzu a kawo maka hatsi da kaka, dole a san mudun, a san nau'in hatsin, a san lokacin, in ba haka ba cinikin ya ɓaci. To mu da muke da wannan a hannu, mi ya kai mu sa hannu kan "wasu caje-caje"?

Dokar ƙasa ma ba ta bar mu haka ba, sani ne ba mu yi ba, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Tun zamanin Turawa akwai dokar kare wanda bai iya karatu ba, wadda ta ce duk wanda ya rubuta takarda a madadinshi dole ya sa sunanshi da adireshinshi a jiki, wanda hakan shaida ce cewa an karanta mashi an kuma yi mashi bayani kafin ya dangwala. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ce wanda ake tuhuma da laifi a gaya mashi laifin dalla-dalla da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta. Sannan dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ce takardar da za a ba mai saye ta kasance da harshe mai sauƙi da mutum na yau da kullum zai gane.

Su kansu masu Turancin sun yi wannan faɗan a gidansu. A Ingila wata mata mai suna Chrissie Maher, wadda ita ma sai da ta zama budurwa sannan ta iya karatu, ta je gaban majalisar ƙasarsu a Landan a 1979 ta yayyaga tarin fom-fom na gwamnati don mutane ba su gane abin da ke ciki, daga nan ta kafa ƙungiyar neman a riƙa rubuta Turanci mai sauƙi. A Amurka kuma a 2010 Shugaba Obama ya sa hannu kan dokar da ta tilasta ma hukumomin tarayya rubuta takardun jama'a da harshe bayyananne. To in wanda aka haifa cikin Turanci ya ce ya yi mashi duhu, ina ga ni da na baro shi a aji shida?

Na san wani ma'aikaci zai ce ai wani lokacin su ma ba su san ranar ba, kuɗin ba a hannunsu suke ba, in sun yanka rana ta wuce za a ce sun yi ƙarya. Na yarda. To sai a faɗi hakan a fili: ba mu san ranar ba tukuna, dalili kaza ne, za mu sake yi maku bayani ranar kaza. Wannan ma magana ce mai kai, manomi zai san ko ya jira takin gwamnati ko ya sayar da tunkiya ya saya a kasuwa kafin shuka ta wuce shi. Damina ba ta jiran "in due course".

Saboda haka ina kira da babbar murya. Na farko, ga Gwamnatin Jihar Katsina da shugabannin ƙananan hukumomin Batsari da Safana, duk sanarwar da ta shafi talaka ta amsa tambaya huɗu: mi za a yi, nawa ne, yaushe, kuma wane ofishi za a tambaya in ba a gani ba. A kuma fito da ita da Hausa a gefen Turancin, boko da ajami in da hali. Na biyu, ga bankuna da kamfanonin da ke shigowa ƙauyuka, ku rubuta bashi ko kyauta a layin farko da manyan baƙaƙe, da jimillar abin da mutum zai biya, ku kuma bar mashi kwafi ya tafi da shi gida. Na uku, ga iyayenmu Sarkin Ruma da Yariman Katsina da dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku, kar ku bari a tara talakawanku a ƙofar gidajenku sai wani amintacce ya karanta takardar tun daga farko har ƙarshe a gaban kowa. Na huɗu, ga malaman makaranta, ku koya ma yaranmu cewa gwanin Turanci shi ne wanda ya rubuta aka gane, su saba da sa rana da adadi da suna a duk abin da suka rubuta. Na biyar, ga 'yan jarida da masu fassara a rediyo, in kalma ta zo maku da harshen damo kar ku gyara mata zama, ku koma ku tambayi mai ita abin da yake nufi.

Daga ƙarshe, 'yan'uwana manoma da 'yan tireda, babban yatsan nan naku dukiya ce, kar ku riƙa dangwala shi don kunya ko don layi ya yi tsawo. Ku ce a ba ku takardar ku kwana da ita, ku nemi mutum biyu daban-daban su karanta maku. Wanda ya ce sauri yake ba zai iya jira ba, to ku bar shi ya wuce da kayanshi, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ni dai akuya uku na biya kuɗin wannan karatun, ku kuma ga shi na ba ku kyauta, ba bashi ba.

Allah ya kawo mamu zaman lafiya a yankinmu da ƙasa baki ɗaya, ya ba mu damina mai albarka, amin. Malam Edita, saboda halin da muke ciki ina roƙon a sakaya sunana.

Wassalam.

Naku,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
daga ƙasar Batsari, Jihar Katsina.